Baffa Ya Ce Kada A Kai Labarin Mutuwarsa

Na Allah ne mu, gare shi kuma ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar wata Talata da hantsi layi ya zo kan Baffa. Ya cika a Gummi, a ɗakin da ke jikin zaure, cikin gidan da wani tsohon ɗalibinsa ya ba mu aro tun da muka baro ƙauyenmu na bayan Zugu. Kafin a kira azahar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifinmu ne. Shi ya riƙe ni da ƙanena Auta tun mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, shi ya sa ni makaranta har na zama malamar firamare, da aurena ya mutu kuma shi ya ce in dawo gida ba tare da ya tambaye ni laifin wa ba. Na ɗauki biro ne saboda kwanan baya na ji wata mata tana kwatancen gidanmu, tana cewa gidan da wani tsoho ya mutu bara. Wani tsoho! Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Makokinsa bai cika yadda na malami irinsa ya kamata ya cika ba. A lokacin an yanke layin waya a jihar gaba ɗaya, an rufe kasuwanni, duk wanda ya ji rasuwar daga bakin wani ya ji. Waɗanda suka zo ɗin ma rabin hankalinsu na kan titi. Ana cikin addu'a, da mashin ya wuce da gudu sai ka ji amin ta yanke, kowa ya kasa kunne ya ji ko ɗaya ne ko suna da yawa. In ƙarar ta yi nisa a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wani tsohon masunci ɗan ƙauyenmu ya tsaya daga bakin zaure ya yi wa Inna, mahaifiyarmu, gaisuwa. Ya ce, "Uwar gida, ya haƙuri? Shekara talatin Malam na ce min mai ɗaishi, wallahi sai bara nis san ba yabo na ba." Ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Maƙwabciyarmu Kirista, ma'aikaciyar jinya da muke kira Sista, ta yafa gyale ta zauna cikinmu kwana uku. Ta ce wa Inna, "Mama, Baba ya taɓa ce mini a duk layin nan ni kaɗai ce bai samo wa suna ba. Ya ce laifina ɗaya, da aka turo ni aiki nan na yarda na zo." Akwai kuma tsohon surukinsa, wanda ya zauna a ƙofar gida tun daga ranar farko har addu'ar uku. Zan zo kan labarinsa.

Amma wadda ta fi kowa cancantar zama a kan tabarmar makokin ba ta nan, ba ta ma san an yi rasuwa ba. Goggo ke nan, ƙanwar Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage a ɗakinsu. Tana can ƙauye. A da, mutum kan karya kumallo a Gummi ya yi walaha a ƙauyenmu. Yanzu da ka sauka daga kwalta a Zugu hanyar ta 'yan bindiga ce, ga damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu. Kuma a gidanmu mai mashin ɗaya ne: Auta, ɗan kabu-kabu, mai mata da ɗiya ta goye.

A wurinmu ba a barin ɗan'uwa na jini ya tsinci mutuwar nasa a bakin hanya. Tashi ake a je a durƙusa gabansa a faɗa masa. Baffa ya san haka sarai, shi ya sa ya riga mu. Ranar Lahadi da la'asar, kwana biyu kafin ya cika, ina ba shi kunu yana kawar da kai, ya ce, "Uwata, kira min Auta." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Auta ya shigo ya tsuguna. Baffa ya ce, "In ta Allah ta kasance, kada wanda ya hau mashin shi kai ma Goggonku labari. Ta ji in hanya ta yi. Gawa guda ta ishe gidanga."

Auta ya ce, "Baffa, ciki guda hwa kunka hito. Mi mutane za su ce?"

"Su ce. Ni dai na hwaɗi, ga kuma shaida." Ya nuna ni da haɓa.

Tun da aka ce ni ce shaida, na ɗauka a kaina ne. Da aka dawo daga maƙabarta Auta ya tuɓe riga zai yi alwala, na sa hannu a aljihu na zare makullin mashin na ƙulle shi a bakin zanena. Na san ɗan kabu-kabu in ya ga dama da guntun waya ma zai tayar da mashin. So nake ya san in zai tafi sai ya tsallake ni. Ya laluba aljihu, ya dube ni, na dube shi. Ya mayar da rigarsa ya koma wurin maza.

Wanda bai san Baffa ba zai ce wane irin suna ne masunci da Sista suke magana a kai. Baffa malamin lugga ne. Ya yi fiƙihu kamar kowa, yana ba da salla in liman ba ya nan, amma abin da ke sa idonsa ƙyalli shi ne kalmar Larabci, musamman kalmomin da Larabawa suka ware wa ganganci da rashin tsayuwa wuri ɗaya. Yana da su jibgi, kuma kusan kowa a ƙauyenmu akwai wadda aka raɗa masa. Kafin ya faɗi kalma sai ya bugi gwiwarsa sau biyu da yatsa. Da mun ga haka mun san wani ya shiga uku.

Ɗaishi, in ji shi, asalinsa kibiya ce da ta bar baka ta tafi inda ba a aike ta ba. Na masu rawar kai ne, irin masuncin nan da zai kai bakin gulbi ya tuna ya baro taru a gida. Safaha kuwa daga tufa aka samo ta, wadda aka yi wa saƙa sakwa-sakwa, ba ta tare iska ba ta rufe jiki. Ta wanda ke ɓarnar abin da Allah ya damƙa masa ce. Tahawwuri shi ne bakin rijiya ya rufta gaba ɗaya, wato mutum ya afka wa abu da dukan jikinsa bai duba zurfi ba. Wannan tun Auta na rarrafe aka ba shi ita, bai kuma taɓa ba Baffa kunya ba. Tawa tazabzubu ce, abin da aka rataye iska na kai shi tana kawo shi, saboda ko zane zan saya sai na sake shawara sau uku. Ita ƙasar ma bai ƙyale ta ba. In rediyo ta ce rashin tsaro, sai ya ce iɗɗirabi, ruwa yana dukan ruwa, wanda ke cikin kwalekwale bai san wane gefe zai riƙe ba.

Wata rana, ina jin kaina sabuwar malama, na tare shi. Na ce, "Baffa, mu ma hwa muna da su. Ganganci, garaje, kasada, karambani. Mi yak kai ka aro ƙasar Larabawa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Uwata, in nac ce ma mutum mai garaje, na zage shi, sai shi yi zuciya shi tai shi aikata. In nac ce mishi mutahawwiri, sai shi tsaya shi ce, Malam, mi ke nan? Ni ko ba ni gaugawar bayani. Kahin in ƙare, jini nai ya kwanta."

Na ga wannan dabarar da idona shekarar da aka fara kore shanun ƙauyenmu. Da hantsi samari suka taru da adduna da bindigogin gargajiya za su bi sawu. Auta ya riga ya tayar da mashin, idonsa ya yi ja. Baffa ya fito ya tsaya a ƙofar zaure, ya bugi gwiwa, ya ce, "Wagga ru'una ta." Auta bai taɓa jin kalmar ba. Ya ce, "Mi ne ru'una kuma?" Baffa ya ce, "Kashe mashin, ba ni jin kaina." Ya fara daga tushe, wai hancin dutse ne da ya turo kansa gaba ya bar sauran dutsen a baya. Ya ce a ɗauko masa littafi. Aka ɗauko, ya ce ba shi ba ne. Ya aike ni neman tabarau, na birkice ɗaki, ashe suna aljihunsa. Kafin a kai ga ma'ana samari sun yi nisa. Washegari a amalanke aka dawo da wasunsu. Auta ya yi wata guda ba ya haɗa ido da Baffa, yana cewa an mai da shi mace a gaban sa'o'insa. Baffa ko a jikinsa.

A ranakun ne ya ce mini, "Ina da sauran waɗanda bai taɓa ji ba. Na aje mishi su, guda-guda." Na ce ya koya mini. Ya ce, "Ke da tazabzubunki? Sai ki ɓarar da su ranar da ba ta kamata ba." Na yi fushi, na bar zancen, da niyyar in sake tambaya wata rana. Da su ya tafi.

Kalma ɗaya ce na san ya daina faɗa tun yana da ƙarfinsa, kuma nan surukinsa ya shigo. Ɗiyar Baffa ta yi aure a Dareta, ƙasar Anka, lokacin da zinari ya fashe, kowane gida ana daka dutse. Baffa ya je ganin jika, ya tarar ana dakan dutsen a tsakar gida, a turmin da ake surfe, ƙura ta yi wa yara fari a kai. Bai san akwai gubar dalma a dutsen ba, babu wanda ya sani a lokacin. Ya dai ce abin da ba a ci, ba ya shiga turmin abinci. Ya bugi gwiwa ya ce wa surukinsa, mijin ɗiyar, "Wagga safaha ta." Surukin bai tambayi ma'ana ba, ya sani. Suka yi cacar baki a gaban mutane, Baffa ya saɓi jikarsa a kafaɗa ya ce an yaye ta daga yau, ya taho da ita. Aka yi ta zaginsa, tsoho mai shiga sharo ba shanu. Ba a jima ba yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa a garin, har da ɗan surukin na wajen uwargidansa. Baffa ya koma ta'aziyya. Mun zaci zai ce wani abu. Ya zauna kusa da surukin yini guda, ya kama hannunsa, ya dawo. Daga baya ya ce mini shi ne ya yi kuskure, safihi shi ne wanda ya san darajar abu ya ɓarnatar, su kuwa ba su sani ba. Ban sake jin kalmar a bakinsa ba sai in yana karantarwa. Jikar tana nan da ranta.

Ba zan ɓoye ba, Baffa mutum ne mai tsoro, shi ma bai ɓoye ba. In an yi harbi, ko daga nesa, sai ka ji 'ya'yan tasbaharsa suna bugun juna. Bayan hari na uku shi ya bi gida-gida yana cewa a tashi. Kusan kowa ya ji, ban da Goggo. Ina tsaye da ƙunshin kaya a ka suka yi ta. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, tsoro na dai kan naɗa ma rawani. Kabarin mijina na nan, rumbuna na nan, ga jikokina marayu ukku. In tai birni in zauna jiran a ɗebo min tsaba cikin kwano?"

Ya bugi gwiwa. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Aje Larabcinka. Na san shi tun kana haddatai kana kuskure. Ni ba ka tsai da ni da shi."

Ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa tambayarsa ma'ana ba, saboda haka dabararsa ba ta taɓa cin ta ba. A bayan motar da ta ɗauko mu na ga Baffa yana hawaye, karo na farko a rayuwata. Lokacin da waya ke aiki, duk Juma'a bayan an sauko sai sun yi magana, kuma duk Juma'a sai sun yi faɗa. Magana ta ƙarshe kafin a yanke layi, ya gaya mata jikin ba daɗi.

To, wannan ce matar da aka ce kada a je a faɗa wa. Kowace tsohuwa ta shigo gaisuwa, in ta gama ya haƙuri sai ta rage murya ta ce, an dai kai wa ƙanwarsa? Inna ta sunkuyar da kai. In sun fita ta ce mini, "Ba shi makullinga, kunya za ta kashe mu." Can an jima wani ya shigo da labarin an tare hanya, ta kama hannuna ta ce, "Kada ki ba shi." Ranar addu'ar bakwai sau biyu ina kwance bakin zanena ina sake ƙullewa. Baffa bai yi ƙarya ba da ya raɗa mini tawa. Auta kuwa ya daina yi mini magana. Da safe zai goge mashin tsaf, ya zauna kusa da shi, ya kashe yini. Tsoro nake ji, tsoron in ba shi, tsoron in hana.

Rana ta goma sha biyu, ana zafin azahar, muka ji sallama da muryar da muka sani. Goggo ce. Laka har gwiwa, ƙafafu sun kumbura, ƙaya ta yayyage mata zane. Ba ta amsa sannun kowa ba. Ta wuce ɗakin Baffa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga an naɗe tabarma, an ninke buzu, an jera littattafai a kwali. Ta juyo ta zauna a dokin ƙofar.

Ta ce, "Wa yah hana a taho a hwaɗa min?"

Na durƙusa. Na ce, "Shi yab bar wasiyya, Goggo. Ni kuma nir riƙe makulli."

Ta dube ni har na ji kamar ƙasa ta tsage. Ta ce, "Kwana sha ɗaya ina ɗaga hannu ina roƙon Allah shi ba Yaya lahiya, shi ko yana cikin ƙasa. Jiya ina sheƙar gero, wani da yak kai matatai asibiti nan yad dawo, yat tsaya bakin darni yana min ya haƙuri. Nac ce haƙurin mi?"

Daga baya muka ji yadda ta zo. Da ta idar da sallar asuba ta bar marayu wurin maƙwabta ta kama hanya da ƙafa. Sau biyu tana jin ƙarar mashina tana faɗawa cikin dawa ta kwanta rub da ciki har su wuce. Na biyun ta ce tana ganin takalmansu. A Zugu wata motar itace ta taimaka mata. Mace mai kusan shekara saba'in. Wasiyyar da aka yi don kada kowa ya hau hanyar, ita ta ɗora Goggo a kanta ita kaɗai. Na yi fushi da Baffa ranar, fushi na gaske, na shiga banɗaki na yi kuka don kada a ce na yi wa mamaci rashin kunya.

Sista ta wanke mata ƙafa ta cire ƙayoyi. Ta kwana biyu a ɗakin Baffa, ba ta son kowa ya shiga. Mun roƙe ta ta zauna, mu san yadda za a yi a ɗauko yaran. Ta ce, "Wa za ya ɗauko su? Ku da ko mutuwa ba ku iya kai wa?" Ranar Litinin da safe ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta koma yadda ta zo. Ta taka daga ɗaki zuwa zaure, ƙafar ta ƙi, ta dafa bango. An zagaya tasha, babu ɗan kabu-kabun da zai sauka daga kwalta ko me za a ba shi.

Auta ya zo ya tsaya a gabana. Rabon da ya yi mini magana tun ranar makoki. Ya ce, "Yaya, makulli."

Na bugi gwiwata, wallahi ban san na yi ba. Na ce, "Auta, wanga tahawwuri na."

Ya ce, "Na san ma'ana tai, Yaya."

Na laluba kaina ko akwai wata sabuwa, wadda zai tsaya ya tambaya, ko da zan ƙaga ma'anar ne. Babu. Duk waɗanda na sani shi ma ya sani, tare aka karanta mana su. Baffa ya hana kai labari, bai ce komai ba kan mayar da Goggo, ga kuma yara uku can suna jiran kakarsu. Matar Auta na tsaye da goyo tana kallon hannuna. Na kwance bakin zane. Ƙullin ya yi tauri, sai da na sa haƙori.

Ya ce in Allah ya so kafin la'asar ya dawo. Aka yi la'asar, aka yi magariba. Talata ta zo ta wuce. Ban je makaranta ba. Na zauna a zaure riƙe da wayar da na san ba ta da layi, ina dannawa ina ajiyewa. Duk mashin da ya shigo layinmu sai mun miƙe mu uku, ni da Inna da matarsa, in ya wuce mu zauna ba mai kallon wani. Matarsa ba ta ce mini komai ba, da ma ta zage ni. Tukunya ɗaya ta yi ta wankewa. Inna ta daina cin abinci, sai ruwa. Ni kuwa duk inda na juya hannuna nake gani yana miƙa makulli.

Laraba da azahar ya shigo, da ƙafa, ba takalmi, sanye da rigar da ba tasa ba. Ya kai Goggo har ƙofar ɗakinta lafiya. A hanyar dawowa suka fito masa daga cikin dawa. Sun kwantar da shi rub da ciki tare da wasu mutane, sun ɗauki mashin, sun bar masa shatar bulala a baya. Ba duk waɗanda aka kwantar ne suka tashi ba. Wannan a bakin wani muka ji, shi bai taɓa faɗa ba. Inna ta rungume shi tana ta hamdala, matarsa ta zube ƙasa. Ya dube mu kamar baƙi, ya ce a ba shi ruwa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa inda yake kwance, ya sanya shi inda ba a jin ƙarar komai a firgita. Ya yafe masa abin da ya yi kuskure, ya yafe mini nawa. Har yau ban san ko wasiyyarsa daidai ce ba. Da mun aika tun ranar farko, hanyar dai ita ce, dawar ita ce. Goggo na nan can da marayunta, layi ya dawo, takan kira ni ranar Juma'a ta yi mini faɗa.

Auta yanzu shinkafa yake nomawa a fadamar wani, da ƙafa yake zuwa. Wani abokinsa ya ce zai ba shi mashin ya riƙa aiki, ya ce a'a. Mutumin da sai an riƙe masa riga, yanzu in zai tsallaka titi sai ya tsaya ya duba dama, ya duba hagu, ya sake dubawa, har yara su wuce shi. In mashin ya taho ta bayansa kafaɗunsa kan ɗaga, ya daskare har ya wuce. Abin da Baffa ya yi shekara talatin yana neman cire masa ya fita tas, kuma da zan iya da na mayar masa da shi.

Makon jiya da yamma ina shirya littattafan Baffa ina kakkaɓe musu ƙura, ya dawo daga fadama ya zauna a bakin ƙofa. Ya jima yana kallona. Sannan ya ce, a hankali don kada matarsa ta ji, "Yaya, wanga abu da yas same ni, Baffa na da suna nai?"

Na ce, "Yana da shi, Auta. Ba shakka yana da shi."

Ya ce, "Mi ne?"

Ya tsaya yana jira, kamar yadda ya saba tsayawa a ƙofar zaure. Na buɗe littafin da ke hannuna, na duba shafi, na juya wani. Larabci ne zalla, ban iya karanta shi ba.